Ɗigon haske a bayan Baba

Nas ta ɗura wa Baba wani ruwa ta jijiya, ta ce shi zai haska inda lakarsa ta ji rauni.

Tun da ya faɗo daga tsani a wani sito a unguwar Khumra da ke Jidda, ƙafafunsa suka yi nauyi. Hotunan farko ba su nuna komai ba, har kafilinsa, ubangidansa a wurin aiki, ya fara cewa lalaci ne.

Da hoton ya fito, sai ga ɗan ɗigo yana ƙyalli kamar fitilar jirgi can cikin teku. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"'Yata, ciwon ke nan?"

"Shi ne, Baba."

Ya lumshe ido yana murmushi. "Shi ke nan. Yanzu ba ni kaɗai na san shi ba."

Kun taɓa yin ciwon da aka ƙi yarda da shi?