Turaren da na saya da Turancin jami'a

Tun jiya nake kallon kwalbar turaren nan raina na ƙuna.

Mun je unguwar Fereej Abdel Aziz ni da Yaya Sale, ɗan garinmu da ke tuƙi a nan Doha, kowa zai saya wa mahaifiyarsa tsaraba. A hanya har lacca na yi masa: price shi ne kuɗin da mai kaya ya yanka, cost kuma abin da ya fita daga aljihunka. Ya ce, "To, Malam."

Kafin ya ajiye mota na riga shi shiga shagon. Na gyara murya, na jero wa mai shago Turanci mai ladabi. Ya ce riyal ɗari biyu. Na biya har da godiya.

Yaya Sale ya shigo, ya ɗaga irin kwalbata. "Last price?" Da ya ji kuɗin sai ya ce khalas, wato shi ke nan, ya nufi ƙofa. Mai shago ya bi shi har bakin titi. Ya sallama masa a riyal casa'in.

Na ce, "Yaya, me ka yi masa?"

"Ba komai. Kai da ka buɗe baki, albashi ya ji. Ni kuwa ya ga zan tafi."

Biyu ya saya, ya ce in kai wa Hajiyarmu ɗaya. Na san nasa za ta fi sa wa albarka.

Ni ke digiri na biyu. Tsakani da Allah, a cikinmu wa ya san kalmar nan ta price?