Akwatin da Na Dire wa Oga a Tebur

Aikina a lokacin shi ne rubuta wa masu gyaran jirgin sama umarni: buɗe nan, kwance wannan, ɗaure wancan. Ban taɓa riƙe sifana a ƙarƙashin jirgi ba. Jirgin yana cikin kwamfuta, an zana shi kaf har ɗan ƙaramin noti, sai in juya shi, in yaye masa rufi, in leƙa cikinsa, in rubuta. Kullum daga unguwar Wambai a Suleja nake tashi da sassafe in kama motar Abuja.

Wata Alhamis na iso kan wani noti na bututun mai a cikin fiffike. Ta wata 'yar ƙofa ake kai gare shi, ga kuma wani bututun a gicciye. Muna da mutum-mutumin da muke sakawa cikin zanen ya gwada mana, shi kuwa ya zura hannu sumul ya taɓa notin. Ni dai raina bai kwanta ba. Hannun nan babu safa, bai riƙe sifana ba, ba ya ko gumi.

Na gaya wa oganmu. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Malama, kwamfuta ta ce ana kaiwa. Rubuta sunanki a ƙasa ki tura. Ki tuna ƙarshen wata za a duba kwantiraginki."

Wato in yi shiru ko in koma gida. Tabɗijam! Ni ba a yi mini haka. Notin da hannu bai kama shi sosai ba rabin ɗauri zai samu, mai kuwa ba ya neman izini kafin ya yi yoyo, kuma mutane ne a sama.

Ranar Asabar na kwashi awon wurin na kai wa kafintan layinmu. Ya haɗa mini akwatin katako da rami daidai girman ƙofar, muka gicciya guntun bututun ruwa, muka kafa noti can ƙurya. Sai na kira yayana, bakaniken mota ne a hanyar Izom, ya tsufa cikin baƙin mai.

"Ke, jirgin naku ke nan? Allah Ya raba mu da hawa."

"Yaya, don Allah saka safar nan ka ɗaure mini notin can kawai."

Ya zura, ya karkace, ya durƙusa, ya cije leɓe. Sifana ta taɓa notin, amma babu wurin juyawa. Ya zaro hannu yana yarfewa.

"Wanda ya ce wannan zai ɗauru, ya zo ya ɗaure in gani."

Ranar Litinin na rungumi akwatin a cinya cikin motar haya, fasinjoji sai tsaki suke yi. Na tarar ana tsakiyar taro a ofis. Na dire shi a teburin oga, na ajiye safa da sifana a gefe. Na dube shi na ce:

"Yallaɓai, gani ya kori ji. Awonsa ɗaya da zanen. Ka ɗaure notin, ni kuma in rubuta sunana yanzun nan."

Ya dube ni, ya dubi mutane, ya naɗe hannun riga. Ya daɗe yana fama, ba ka jin komai sai sifana na ƙwanƙwasar katako. Da ya zaro hannun, notin bai ɗauru ba, sai ya ce ba ni da ladabi, ofis ba gareji ba ne.

Ƙarshen wata aka ce an gode da aikina. Na sha kuka a mota har Suleja, don ina son aikin nan, wallahi ina son shi. Bayan 'yan kwanaki wata abokiyar aiki ta nuna mini shafin umarnin a wayarta. An ƙara mataki ɗaya: a cire bututun da ya gicciye tukuna kafin a taɓa notin. Sunan oga ne a ƙasa.

Ya je ya riƙe sunan. Ko yau aka mayar da ni waccan Litinin, da akwatina zan shiga.