Gwangwanin Ƙasa a Bayan Ƙofa

Ni dai Allah ya yi ni da zargi. Ko sallama aka yi mini da fara'a mai yawa, sai na tsaya na tambayi kaina me ake nema. Shi ya sa ranar da abokin zamana ya ce ya samu aiki a gonar kaji, na ce Allah ya sa albarka, amma ban yarda ba.

Lokacin muna karatu a Alƙahira, mu biyu a ɗaki ɗaya, a wani bene a Madinat Nasr. Shi mutumin Maraɗi ne, ya girme ni kaɗan, kuma shi yake jan salla duk sanda ƴan ƙasarmu suka taru a wurinmu. Malam kowa ke ce masa. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka a garin, idan ya ɓaci a nan kuwa, kafin mako ya zagayo an ji a gida.

To, wace irin gonar kaji ce mutum zai yi wata da watanni bai taɓa kawo ko fasasshen ƙwai ba? Na duba wandonsa a igiyar shanya, babu gashin kaza ko ɗaya, sai wasu gajerun gasu masu kauri. Sannan ga wani gwangwanin madara cike da ƙasa da ya ajiye a bayan ƙofar banɗaki. Duk sanda ya dawo, kafin alwala, sai in ji yana cuɗa hannu da ƙasar nan yana ɗaurayewa, yana sake ɗaurayewa. Duk wanda ya yi karatun tsarki ya san dabbar da ake yi wa irin wannan wanki.

Na ci gaba da kallonsa ta wutsiyar ido. Sai kuma ya tsiro da wata sabuwa: bayan la'asar ya juye ragowar shinkafa a leda, ya ce zai sha iska a saman bene. Shan iska da shinkafa? Wallahi har mugun abu na raya masa.

Wata Juma'a na bar shi ya hau, na bi shi babu takalmi. Na same shi a tsugune bayan tankunan ruwa, gabansa wata karya fara, ƙanƙanuwa, gashinta duk ya zube. Nonuwanta sun saki har suna jan ƙasa, faratanta sun yi tsawo sun lanƙwashe. Da ya gan ni sai ledar ta suɓuce masa.

Nan ya faɗa mini komai, kansa a ƙasa. Gonar karnuka ce a can hanyar sahara. Keji kan keji, na sama yana yi wa na ƙasa fitsari. Karya tana haihuwa a kwashe ƴaƴan tun ba su gama shan nono ba, a sake kai mata namiji. Ƴan kwikwiyon kuma a wanke su da sabulu mai ƙamshi, a ɗaura musu kyalle a wuya. Shi aka ɗauka don yana jin Faransanci. A sa masa riga mai kyau ya kai su unguwannin masu kuɗi, Ma'adi ko Mohandessin, ya ce shi yaron gidan wani ɗan ƙasar waje ne, a falo aka haife su. Da yawa ba sa yin sati biyu a hannun masu saye suke mutuwa. Wannan karyar kuwa ta daina haihuwa, aka ba shi ita a buhu aka ce ya yar a hanya.

"Na kasa," in ji shi. "Don Allah, ɗan'uwa, ka rufa mini asiri."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na kuma faɗa masa. Mutum yana ja mana salla yana yi wa mutane ƙarya da Faransanci! Na ce aikin nan ya isa haka, ko ya bari ko in tara jama'a. Har na juya zan sauka, ina tunanin wa zan fara gaya wa.

Sai karyar ta miƙe. Saman benen nan fili ne fetal, ko ƙwallo za a iya bugawa, kuma babu igiya a wuyanta. Amma ta ɗan taka kaɗan ta juya, ta sake takawa ta juya, a wuri ɗaya da bai fi tabarmar salla ba. Malam ya ce tun da ya kawo ta haka take yi, iyakar faɗin kejinta ke nan. Ya sa abinci can gaba ko za ta bi, sai ta tsaya tana kallonsa tana rawar jiki.

Ban san lokacin da na tsuguna ba. Na tura mata shinkafar cikin iyakarta, ta ci, ta lashe mini yatsu.

Ya bar aikin a satin. Ita kuwa ba ta kai ƙarshen sanyi ba, kuma har ta mutu ba ta taɓa ƙetare wurin nan ba. Ban gaya wa kowa ba. A ranar Juma'ar nan dai, da muka sauko, ni na fara shiga banɗaki, na jawo gwangwanin na ɗebi ƙasa.