Tsakuwa Uku Don Lawali

Cikin duk shekarun da na yi a sashen walwalar jama'a a Anka, ranar da Malam Garba ya shigo ofishina ce ta ƙi barin raina. Lokacin ina mataki na takwas na albashi, sabon ƙarin girma yana ɗibata, ina ganin babu abin da ban sani ba. Shi manomi ne daga Tungar Guru. Takarda yake so mu ba shi, ya kai ɗansa Lawali, mai shekara goma sha shida, gidan horon kangararrun yara.

"Yallaɓai, na gaji," in ji shi. "In aike shi abu ukku, shi komo da guda. In yi mai magana, shi tsaya shina kallona kamar ba da shi nike ba. Na buga har hannuna ya gaji. Rainin ya ishe ni."

Ga wanda bai san aikinmu ba, ba a ba da irin wannan takarda haka kawai. Sai an buɗe fayil, an ji ta bakin yaro, an ziyarci gida, sannan shugabar sashe ta sa hannu. Ni kuwa tun a wajen jin ta bakin yaro na yanke hukunci, don da na yi wa Lawali tambayoyi, wasa kawai ya yi ta yi da bakin rigarsa. Na kai wa Hajiya, shugabarmu, fayil ɗin ina jin na yi abin kai. Ta karanta sunan ƙauyen, ta dube ni ta saman tabarau.

"Shekararsa nawa lokacin gubar dalma?"

Kunya ta rufe ni, don ko tambaya ban yi ba. Da na je gidan, Innar Lawali ta zaro wani tsohon katin asibiti daga ƙasan akwati. Ashe Lawali yana cikin yaran da aka yi wa magani a 2010, zamanin da ake niƙa dutsen zinariya mai ɗauke da dalma a tsakar gida. Ta ce tun lokacin aka gargaɗe ta cewa irin waɗannan yara kan tashi da mantuwa. Ta sha faɗa wa maigidan, yana cewa ɗaure wa ɗanta gindi take yi.

Hajiya ta hana ni yi wa Malam Garba lacca. Ta ce in kai shi zaman iyaye, wanda muke haɗawa duk ƙarshen wata a harabar wata firamare, maza daban, mata daban. Ya zo ne kawai don a sallame shi da takardarsa.

A wurin akwai wani makiyayi, Buba, wanda ita ma 'yarsa gubar ta taɓa. Ya bari Malam Garba ya gama zazzage abin da ke cikinsa, sannan ya ce, "Malam, ni ma na yi bugun nan, Allah shi gahwarta min. Ba raini na ba, kan ne ba ya riƙo. Yanzu in za ni aiken ɗiyata, tsakuwa ni ka ba ta. Wagga gishiri, wagga ashana, wagga mai. Ta ƙulle ga haɓar zane, in ta taɓa sai ta tuna."

Wasu suka yi dariya. Malam Garba bai yi ba. Ya sunkuyar da kai, da ya ɗago sai ya ce:

"Ni na kawo dutsen nan gida, da hannuna."

Wani dattijo da ke gefensa ya dafa kafaɗarsa. "Dukanmu munka kawo shi, Garba. Wa ya sani?"

Ni mai fayil hawaye nake ɓoyewa.

Bayan wata guda ya dawo ofis, ya ce in rufe fayil ɗin. "Jiya na aike shi kasuwa da tsakuwa ukku, ya kawo duka. Ya aje kayan, ya kare kai da hannu, shina jiran bugu. Nac ce mai, Allah shi yi ma albarka. Yallaɓai, sai yaron ga ya hwashe da kuka."

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa a aikin nan, uban da ya zo muku a fusace yawanci ya daɗe yana fama shi kaɗai ne. Kafin ku ɗauki biro, ku nemo masa wanda ya riga shi shiga halin. Maganar da Buba ya faɗa a minti biyu, da daga bakina ta fito, da yanzu Lawali yana bayan katangar gidan horo.