Zafin Tulu a Tafin Hannu

Uwar mijina ɗiyar arna ce daga wajen Ɗan Gulbi. Kafin ta fara salla, giyar dawar da take dafawa ta yi suna a yankinsu. Lokacin da aka kawo ni gidan a Dakoro, jim kaɗan bayan samun ƴancin kai, ta daɗe da barin wannan sana'a, ko zancenta ba ta so. Mace ce mai faɗa, ni ma ba baya ba, saboda haka mun sha karawa kafin mu saba.

Wata damina ƙanenta ya zo, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu bai kama salla ba. Ciyawa ta ci ƙarfin gonarsa, ya kira gayya, kuma a can ba a zuwa gayya sai da giya. Sau biyu amaryarsa tana dafawa tana tsami. In ta uku ta lalace, geronsa na bana ya tafi.

"Aradu, Yaya, ke kaɗai ni ke da," in ji shi.

"Na rantse ba ni sake taɓa tulun giya," ta ce. "Tashi ka tahi."

Ya tafi. Ta wuni tana yi wa kaji masifa. Washegari ta ɗauki mayafi ta ce in raka ta gaisuwar dangi.

Gidan ƙanen nata muka nufa, mun tarar an gama dahuwa, an zuba a tuluna cikin rana. A nan na gane inda matsalar take. Sai ruwan ya huce daidai ake zuba ragowar tsohuwar giya da ke tayar da sabuwa. In da sauran zafi ta mutu, in ya yi sanyi ta ƙi tashi. Amaryar kuwa garaje gare ta.

Surukata ta zauna nesa, ta juya wa tulunan baya, tasbaha a hannu. Ba ta dubi kowa ba ta ce a mai da su inuwa, a binne gindinsu cikin jiƙaƙƙen yashi. Can ta kira amaryar.

"Dafa jikin tulun da tahin hannunki, ki daɗe. To, zo ki riƙe mini wuyan hannu."

Yarinyar ta riƙe. Tsohuwa ta lumshe ido.

"Da saura."

Haka suka yi ta yi har inuwa ta karkata. Dariya ta so kama ni, ina cewa a raina wannan ai wayo ne ake yi wa rantsuwa. Amma da na dubi fuskarta sai tausayi ya kama ni, don na ga tsoron Allah da son ɗan'uwa suna ja mata rai, kowane ta gefensa. Daga ƙarshe ta ce, "Yanzu," aka zuba ragowar tsohuwar giyar, ta miƙe, ko ruwan gidan ba ta tsaya sha ba.

Giya ta tashi, gayya ta taru, an nome gonar. Wannan daga baya muka ji.

A hanyar komawa ta tsaya ƙarƙashin wata aduwa, ta dube ni.

"Ɗiyata, ban taɓa ba, ko?"

"Ba ki taɓa ba, Inna."

Ta yi mini tambayar nan shekara da shekaru, ko muna surfe ko muna tsinke yakuwa. Ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita ma sai da ta sake yi, na ba ta amsar da na saba. Har yau ban san ko ta yarda da ni ba.