Ɗigon Ja a Goshin Jirgi

Mokbul Hawladar ya durƙusa a bakin ƙorama, ya kamfaci ruwa da tafin hannu ya zuba wa goshin jirginsa, ya shafa, ya kai jiƙaƙƙen hannun ga nasa goshin, sannan ya yi bisimilla. Haka yake yi kowace safiya kafin ya kwance igiya. Ba a taka goshin jirgi da ƙafa, ba a kuma shiga sai an gaishe shi. Sai dai yau da ya shafa, babban yatsansa ya lume cikin katakon kamar ya danna nunanniyar gwaiba.

Ya janye hannu ya duba. Baƙin gari ne maƙale a farcensa, mai warin tsohuwar rijiya.

Rabin rayuwarsa a jiragen mutane Mokbul ya yi ta. Tun yana saurayi yake tsinkar gwaiba a lambunan da ruwa ya tsattsaga, yana tuƙa ta zuwa kasuwar kan ruwa, inda ake ciniki jirgi na gugar jirgi. Sai da furfura ta yi masa sallama ya samu nasa na kansa, shi ma na hannu. Maƙwabcinsa na tsallaken ruwa, Nibaron Haldar, shi ya sayar masa, a shekarar da Shorola, matar Nibaron ɗin, ta rasu, gwiwoyin tsohon kuma suka daina jin magana. Ranar cinikin tsohon bai yi ja-in-ja ba. Ya miƙa filafili, ya miƙa gwangwanin kwarfe ruwa, sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon goshin jirgin. Akwai ɗigon sindur a wurin, jan garin da matan aure ke sawa a goshi a addinin su Nibaron, da shatin yatsa a jikinsa, wanda Shorola ta dangwala a bikin shekara da ya zame mata na ƙarshe. Ya juya ya hau gida. Tun daga ranar bai sake saukowa bakin ruwa ba.

Tsohon jirgi kamar tsohon mutum ne, kullum da inda ke masa ciwo. Duk shekara idan ruwa ya ja baya, Mokbul kan jawo shi tudu ya kife, ya kankare gansakuka, ya cusa zaren rama a tsagogi, ya buge ƙusoshin da suka ɗago kai, sannan ya dafa kwalta ya bi shi ciki da waje har ya yi ƙyalli kamar bayan ɓauna da ta fito daga wanka. Amma idan tsumman kwalta ya iso goshi, sai ya zagaye ɗigon nan, ya bar masa fili kamar faɗin tafin hannu. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Tsohuwar kwaltar wurin ta yi fari, ta daddare kamar fadama da rani, jan kuma ya koɗe har sai wanda ya san da shi ke ganinsa.

Matarsa Rokeya, uwar 'yarsu Shiuli, ba ta rasa abin faɗa.

"Uban Shiuli, kai da ke sahun gaba a masallaci, ka zama mai gadin kwalliyar matar wani? Ni ko lallen hannuna ba ka taɓa tsayawa ka kalla ba."

"Ke ai kina nan, kina sabunta naki," in ji shi.

Kafintan da ya kira ran nan bai ɓata lokaci ba. Ya soka kurfi, ya zaro, ya girgiza kai.

"Kawu, kan nan ya mutu. Ta wurin da ka bari ruwa ya shiga. Sai an yanke an dasa sabo. In ba haka ba, ranar da ka yi lodi jirgi mai inji ya wuce ka da igiyar ruwa, kifaye ne za su ci kasuwa."

Gwaiba kuwa ta fara nauyi a rassa, ba ta jiran kowa. Mokbul ya ce masa ya dakata tukuna da zarto. Ya shiga jirgin ba kaya, ya tuƙa a hankali ya ƙetara.

Ya tarar da Nibaron a ɗakinsa na kwano, zaune a gado, ƙafafu miƙe, yana shafa musu man mustad.

"Wa nake gani? Ɓarawon jirgina!"

"Sata da shaidu, Yaya?"

"Zauna dai. Fuskarka kamar wanda akuya ta cinye wa shuka. Wa ya mutu?"

Mokbul ya zauna a kan kujerar tsuguno, ya ba shi labari tiryan-tiryan, idonsa a ƙasa. Tsohon ya bar shafa gwiwa.

"Tsaya. Kana nufin duk shekarun nan ba ka taɓa sa wa wurin kwalta ba? Ko sau ɗaya?"

"Hannun matar yaya ne a wurin. Da wane ido zan shafe shi?"

Nibaron ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya kawo ruwa a idonsa, ruwan kuma bai tsaya da tsayawar tarin ba. Ya share da gefen zanensa.

"Wayyo ƙanena. Jaki dai kake, amma jaki mai kirki. Ni da hannuna nake shafe shi duk shekara, baƙi ƙirin. Ita kuma ta sauko da ɗan farantinta tana min faɗa wai kwaltar ba ta bushe ba, za ta ɓata mata zane, ta dangwala sabo. Ba don a ajiye ake yin sa ba."

"To na ga ka tsaya kana kallonsa ranar."

"Ina tunanin wa zai dangwala na baɗi ne."

A waje wani mai sayar da gishiri ya wuce a jirginsa yana kiran talla, muryarsa na bin ruwa har ta ɓace a kwana. Mokbul ya dubi yatsansa. Shi a zatonsa amana aka bar masa, ashe tsohon baƙin cikinsa kawai yake kallo. Duk da haka bai ji ya yi asarar shekarun ba.

"Ka yanke," in ji Nibaron.

"In kawo maka guntun?"

"In yi me da ruɓaɓɓen itace? Ga biyu nan ina fama da su." Ya bugi gwiwoyinsa. "Ka dai tsaya a kan kafintan nan, kada ya lallaɓa ya dasa maka itacen mangwaro. Idan an gama, ka shafe shi tas, ka biyo da shi ta nan kafin ya bushe sarai. Ku ɗauke ni ku sauko da ni. Na daɗe ban ji warin kwalta ba."

"Za ka ɓata zanenka, Yaya."

"Wa ya rage da zai min faɗa?"

Mokbul ya miƙe, ya gyara ɗaurin zanensa, ya matso wa tsohon da kwalbar man kusa da hannunsa. Sannan ya sunkuyar da kai saboda ƙofar gajeriya ce, ya fita.