Sambo Maɗori da Hannun Jikarsa

Sambo Maɗori na Kaoje ya gaji ɗori wajen ubansa, ya kuma gaji taurin kai, na biyun ma ya fi yawa. Shekara talatin yana zaune a ƙofar gida da karare da tsummoki da kwalbar man shanu, masunta da 'yan kabu-kabu na zuwa masa har daga tsallaken iyakar Benin. Wanda ya warke, aikin Sambo ne. Wanda ya koma gida da ƙafa a karkace, to ƙaddararsa ce.

Ƙa'idar gidansu ɗaya ce. In an kawo karaya, sai a kamo kaza a karya mata ƙafa, a ɗaure ta rana ɗaya da mai ciwon. Ranar da kaza ta taka, ranar ake kwance mutum. Ita kazar ba a taɓa jin ta bakinta ba.

Daminar bara jikarsa Hamdiyya, 'yar shekara shida, ta zamo daga kan wani kwalekwale da aka kife a bakin ruwa, hannunta na dama ya karye dab da gwiwa. Sambo ya miƙe hannun sambal, ya jera karare, ya ɗaure tamau. Kazar da aka samu kuwa tsohuwa ce, wadda ko da lafiyarta ba ta son tafiya.

Da aka yi wata guda, Rahma, uwar yarinyar, ta faki idon surukinta ta kai ta asibiti a Bagudo. Can ta samu Malama Temitayo, mai aikin gashin ƙashi. Aka ɗauki hoto, Temitayo ta ce ƙashi ya kama, a kwance yau, a fara lanƙwasa hannun kaɗan-kaɗan safe da yamma, in ba haka ba gwiwar za ta sandare. Ta so ta kwance da kanta, Rahma ta ce ba ta isa ta taɓa ɗaurin Baba ba tare da izninsa ba.

Ta dawo ta durƙusa gabansa. "Baba, likita ta ce a kwance."

"Wace likita?" in ji Sambo. "Wagga da ba ta san ko sunan kakana ba? Kaza ta taka? To ba a kwancewa. Haka munka ishe."

Sai da kaza ta ga dama, bayan wata uku cur, sannan ta dogara ƙafa. Sambo ya tara maƙwabta ya kwance ɗaurin, yana ta hura hanci. Ƙashi kam ya haɗe, sai dai hannun ya rame ya tsaya ƙiƙam kamar muciya. Abin takaici, har da masu cewa madalla.

Yanzu duk mako Rahma na kai yarinyar Bagudo. Temitayo ta gasa hannun da ruwan ɗumi, ta danna a hankali, Hamdiyya na kuka. An samu ya ɗan lanƙwasu. Sambo na gaya wa mutane man shanunsa ne ya fara aiki.

Ran nan yana shigowa gida ya tarar da Hamdiyya tana cin tuwon shinkafa da hagu. Ya daka mata tsawa: "Ke! Wa ya koya miki? Ci da dama!"

Yarinyar ta yanko loma da dama, ta ɗago, hannun ya tsaya. Ta miƙo wuya iya ƙarfinta, bakin bai kai ba.

"Kaka," ta ce, "to ba ni a baki."